Wine a kan Linux: wai da gaske an gama da Windows?

Malam Mai Makaranta: Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Kwamfutocin makarantarmu da ke Kawo duk na gwanjo ne, Windows 10 ke kansu, RAM 4GB. Tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina kula da shi. Windows 11 kuma ya ƙi hawa, wai babu TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da yake nema a cikin kwamfuta, furosesar ma ta tsufa. Kuɗin sababbi babu.

Ɗan Poly: Wa alaikumus salam Malam. Abu mai sauƙi. A share su a sa Linux Mint a madadin Windows, kyauta ne, ba ya da nauyi. Duk wata manhajar Windows da kuke amfani da ita sai a ɗora ta a kan Wine. A yau babu wanda dole sai da Windows zai yi aiki.

Oga Mai Gyara: Ƙanena, janye wannan "duk" ɗin tukuna, sai mu yi magana.

Ɗan Poly: Ba zan janye ba Oga. Wine ba abin jiya ba ne, tun 1993 ake gina shi. Aikin tafinta yake yi: manhajar Windows ta ce a buɗe mata fayil ko a zana mata taga, shi kuma ya mayar da buƙatar zuwa abin da Linux ke ganewa, nan take. Ba wata kwamfutar ƙarya yake ƙirƙira ba, shi ya sa ba ya cin ƙarfi. Kamfanin Valve a kan Wine ya gina Proton, manhajar buga wasannin Windows a Linux, a 2018, ya fito da Steam Deck a 2022, na'urar da Linux ke cikinta amma wasannin Windows ake bugawa a kai, dubbai. In manyan wasanni sun tashi, ina ga manhajar lissafin sakamakon yara?

Oga Mai Gyara: Duk gaskiya ne, amma ka tsallake rabi. Daga 1993 sai 2008 Wine ya kai sigar 1.0, shekara 15 ke nan. Ka san dalili? Windows rufaffe ne, mutanen Wine sake rubuta kowane aiki suke yi da kansu, ɗaya bayan ɗaya, Microsoft kuma ba ta tsaya jiransu ba. Wasanni sun yi kyau ne don Valve ta zuba kuɗi a wannan ɓangaren, kasuwarta ce. Wa ya zuba kuɗi don manhajar da wani yaro ya rubuta wa makarantar Malam?

Anti Mai Buga Kati: Ni dai ku bar ni da wasanni. CorelDraw nake ci da shi. Zai hau ko ba zai hau ba?

Ɗan Poly: Tsofaffin sigogi wasu na tashi, Anti. Sababbin ne ke gardama. Amma ga Inkscape, kyauta, yana ma buɗe fayil ɗin Corel.

Anti Mai Buga Kati: Buɗewa daban, fitowa daidai daban. An taɓa kawo min katin biki a filas, an ce a wata manhaja aka gyara shi. Na buɗe, sunan amarya ya sauko ya hau kan ranar ɗaurin aure, ruwan zinaren da uwar amarya ta zaɓa ya koma kalar ƙasa. Ga ta zaune a benci da jakarta a cinya tana jira, biki saura kwana uku. Da hannu na sake jera komai. Kuma mai injin da nake kai wa aiki fayil ɗin Corel yake karɓa, ba ruwansa da abin da ke kyauta.

Ɗan Poly: Wannan ai ba laifin Wine ba ne.

Anti Mai Buga Kati: Ɗana, kwastoma ba ta tambayar laifin waye.

Oga Mai Gyara: Ba a nan ma gizo ke saƙar ba. Direba ne matsalar, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya magana da na'urar da aka jona mata. Wine a sama yake aiki, inda manhajoji suke. Direban na'ura kuwa can cikin zuciyar Windows yake shiga, wurin da Wine ba ya da iko. Firinta ta yau da kullum da sauƙi, in Linux ya gane ta, Wine zai bi ta nan ya buga. Amma injin yanka sitika, firintar katin shaida, da akwatunan da masu gyaran waya ke filashin da su, da yawansu direban Windows kaɗai aka yi musu. Manhajar za ta buɗe tsaf, ka ji daɗi, ka soka kebul, shiru. Ko a wasannin da kake taƙama da su, je ka buga Valorant a Linux mu gani. Manhajar da ke hana maguɗi a cikinsa a zuciyar Windows take zama.

Mai Shagon Intanet: To ba sai a sa VirtualBox ba? Windows sukutum a cikin Linux, kebul ɗin USB ma ana iya miƙa masa.

Oga Mai Gyara: A 4GB? Windows 11 shi kaɗai 4GB yake nema a ƙalla. Ka raba wa biyu, yara za su danna su tafi tara su dawo bai buɗe ba. Kuma lasisi na nan a wuyanka, tunda Windows ɗin ne dai ka sa.

Ɗan Poly: Ita kanta Microsoft ai ta sallama. Tun 2016 ta sa WSL don a riƙa gudanar da manhajojin Linux a cikin Windows.

Oga Mai Gyara: Madalla da ka kawo wannan, hujjata ce. WSL na farkon fassara yake yi, irin ta Wine. Da aka zo WSL 2 sai suka ajiye wannan hanyar, suka ɗauko zuciyar Linux ta gaske suka sa a ƙaramar kwamfutar cikin kwamfuta. Su da Linux ke buɗe a gabansu, suna karanta komai, fassarar ba ta ishe su ba.

Mai Shagon Intanet: Ni abin da ya ja hankalina bairos ne. Wannan mai mayar da fayilolin filas su zama gajerun hanyoyi, wato shortcut, ya ishe ni a shago. An ce Linux ba ya kamuwa.

Ɗan Poly: Wannan kam ba ya tashi da kansa a Linux. Amma in faɗi gaskiya, in ka buɗe mugun fayil ɗin exe, wato manhajar Windows, da Wine, zai iya aiki, kuma yana ganin fayilolinka, don Wine na nuna masa su a matsayin faifan Z.

Anti Mai Buga Kati: Au, ashe har bairos ɗin ma yana yi wa tafinta.

Malam Mai Makaranta: Kun yi nisa kun bar ni. Mu abin da yara ke yi: koyon buga rubutu, Word, Excel, da atisayen jarabawar JAMB. Sai kwamfutar ofis mai manhajar sakamako da firintar katin shaida.

Ɗan Poly: Na yara duk Linux zai ɗauka. LibreOffice na buɗe fayilolin Word da Excel, sai dai wani lokaci tsarin shafi ya ɗan goce. Atisayen JAMB in ta burauza ne, an gama.

Oga Mai Gyara: In kuma irin wanda ake sakawa da lambar kunnawa ne, sai an gwada, don wasu suna ɗaure kansu da na'urar. Ta ofis dai kada a taɓa ta, Malam. A bar mata Windows ɗinta, a cire ta daga intanet, a hana soka mata kowane filas.

Ɗan Poly: Manhajar sakamakon nan ina da yaƙinin za ta hau Wine.

Oga Mai Gyara: Gani ya kori ji. Malam, a ware guda ɗaya cikin na yara, a kwafe abin da ke ciki, a aiko min shago ranar Asabar tare da faifan manhajar sakamakon da na JAMB ɗin. Ƙanena ya zo ya sa Wine ɗin da hannunsa.

Ɗan Poly: Zan zo bayan Azahar. A haɗo da firintar ma.

Malam Mai Makaranta: Firintar ba za ta zo ba, ana aiki da ita, zangon nan muke buga katin sababbin ɗalibai. Kwamfutar dai za ta zo, in sha Allah. Na gode ƙwarai.