Me za mu kira "tactile graphic" da Hausa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Muna rubuta jagora ga masu zane da za su yi aiki tare da makafi, sai muka maƙale a kan "tactile graphic", wato zanen da ake ɗaga layukansa don a karanta da yatsu. An kawo shawarar "hoton lalube". Malamai, me kuka gani?

Malamar rubutun makafi: Wa alaikumus salam. Don Allah a cire lalube. Mai lalube neman abin da ya ɓace yake yi, shi kuwa makaho karatu yake yi, kuma da tsari: hannu biyu su zagaye takardar ya san girmanta, sannan yatsa ɗaya ya tsaya a mafari, ɗayan ya bi layi.

Mai tambaya: To "zanen taɓawa" fa, Malama?

Malamar rubutun makafi: Ya fi, amma yatsan da ya tsaya cik ba ya gane komai sai ya motsa. Aikin shafawa ne.

Mai buga zanen: Ni "hoto" ne ban yarda da shi ba, don yana sa sabon mai zane ya kwafi abin da ido ke gani. A hoto, ƙafafun tebur na baya sun fi gajarta saboda nisa. A ƙarƙashin yatsa wannan karyayyen tebur ne. Inuwa ma a zubar da ita gaba ɗaya. A bar aƙalla milimita 3 tsakanin layi da layi, in ba haka ba su haɗe. Kaushi iri uku ko huɗu ya isa shafi guda. In takarda mai kumbura ce, a buga da baƙar tawada mai kabon, ita ke shan zafi ta ɗaga layin. Zafi ya yi yawa, farin wurin ma ya tashi, aiki ya lalace. Shi ya sa nake ganin "zane mai tudu": sunan kansa yana gaya wa mai yi abin da ake so.

Malamar rubutun makafi: Na amince, Malam. Zai ɗauki har manyan ayyuka irin kwafin shahararrun zane-zane masu tudu da gidan tarihin Prado na Madrid, a Sifaniya, ya baje don makafi su shafa a 2015. Amma ku rubuta a jagorar cewa makaho zai zauna tun daga zayyanar farko, ya shafa gwajin ba tare da an gaya masa mene ne ba. Inda yatsansa ya yi ta komawa, nan ne za a gyara.

Mai tambaya: An gama. Abin "zane mai tudu", karanta shi "shafawa". Na gode.