Motocin raba kaya na lantarki: masana'anta za a ba tallafi ko mai saye?

Injiniya: Assalamu alaikum. Matsayina shi ne, duk gwamnatin da ke son a ƙera motocin raba kaya na lantarki a ƙasarta, ta zuba kuɗi a masana'anta kai tsaye, domin kasuwa tana nan tana jira. Babu aikin da ya dace da batir kamar wannan. Mota ta fita da safe, ta zaga unguwanni tana tsayawa sau ɗari ko fiye, da yamma ta koma garejin da ta fito. Da wuya tafiyar yini ta wuce kilomita 150. Tana cin wuta kamar yunit 25 zuwa 30 a kilomita 100, wato batir mai yunit 68 irin na Ford E-Transit ta farko ya ishe ta. Duk taka birki yana mayar da ɗan wuta cikin batir, ga shi babu juyen baƙin mai, babu kuloci, babu salansa. A 2019 Amazon ta ba Rivian, sabon kamfanin ƙera motocin lantarki, odar mota 100,000. Abin da ke tare hanya kuɗin farawa ne: injinan matse ƙarfe, ɗakin fenti, gwajin karo. Banki ba ya ranta wa wanda bai taɓa sayar da mota ba. Gwamnatin Amurka ta ranta wa Tesla dala miliyan 465 a 2010, Tesla ta biya a 2013.

Hajiya: Wa alaikumus salam. Injiniya, ka faɗi Tesla ka tsallake Fisker, alhali asusu ɗaya suka sha. An amince wa Fisker dala miliyan 529, ta karɓi kimanin 192, ta durƙushe a 2013. Amma bar motocin hawa, zo kan na raba kaya. A 2020 UPS, kamfanin raba kaya na Amurka, ta yi odar mota 10,000 wurin Arrival ta Birtaniya. A farkon 2024 Arrival ta faɗa hannun masu raba kadara ba tare da ta cika odar ba. Electric Last Mile Solutions ta rushe a 2022, Canoo a farkon 2025. Oda ba kuɗi ba ce. Yawancinsu da sharaɗi suke zuwa: sai mota ta ci gwaji, ta zo a kan lokaci, a kan farashin da aka yanka. Mai saye ba ya asarar komai idan ka gaza.

Malam: Hajiya ta taɓo inda yake. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne StreetScooter, mai ƙera motocin raba kaya na lantarki. Kamfanin gidan waya na Jamus, Deutsche Post, ya saye ta a 2014. Mai ƙerawa da mai saye gida ɗaya ke nan, babu neman kasuwa, kuma dubban motocin sun hau titi suna aiki. Duk da haka a 2020 aka sanar za a daina ƙerawa saboda asara. Layin haɗa mota yana cin kuɗi ko yana gudu ko yana tsaye, kuma mai saye ɗaya ba ya cika shi.

Injiniya: Duk waɗanda kuka lissafa sababbin shiga ne, Malam. A ba tsofaffin hannu, masu dillalai da kayan gyara da makanikai a ƙasa.

Hajiya: An ba su. Gwamnatin tarayyar Kanada da ta lardin Ontario kowacce ta yi alkawarin har dalar Kanada miliyan 259 ga General Motors a 2022 don gyara masana'antunta a lardin, ciki har da ta garin Ingersoll inda aka ƙera motar raba kaya ta lantarki mai suna BrightDrop. A Oktoban 2025 kamfanin ya ce ya daina ƙera motar, kasuwa ba ta buɗe yadda aka zata ba. General Motors ba ta rasa gwaninta ba, masu saye ta rasa.

Manaja: Ku ba ni dama in shigo da maganar gareji, don a nan oda take mutuwa. Ɗauki kamfani mai mota 50. Kowace ta hau caja mai kilowat 11, a kunna su gaba ɗaya da magariba: kilowat 550 ke nan. Ginin da aka ja wa wuta don fitilu da ofis ba zai ɗauka ba. Sai sabuwar taransifoma, sai haƙa ramin kebul, sai jiran kamfanin wuta, wanda kan ɗauki watanni, wani wurin fiye da shekara. Kuma sau da yawa garejin na haya ne, mai gida ba ya son a fasa masa ƙasa.

Akwai dabara. Idan kowace mota ta dawo tana buƙatar yunit 40, jimla yunit 2,000 ne. Raba shi a kan awa 10 na dare, kilowat 200 ya isa, muddin akwai na'urar da ke rarraba wutar tana fifita motar da za ta fara fita. Amma dole a zauna a yi wannan lissafin kafin a sayi mota ko ɗaya, kuma ƙaramin kamfani ba shi da mai yi masa.

Sai nauyi. Batir irin wannan yana kaiwa kilo 400 zuwa 500. A Turai lasin ƙaramar mota ya tsaya a tan 3.5, mota da kayanta, to duk kilon da batir ya ci an rage shi daga kaya. Shi ya sa ƙasashe da dama suka ɗaga iyakar zuwa tan 4.25 ga motar lantarki. Wannan gyaran doka ne, bai ci baitulmali komai ba, kuma ya sayar da motoci.

Malam: Ƙara da kuɗin sake sayarwa, Manaja. Manyan kamfanoni hayar dogon zango suke ɗauka, shekara huɗu ko biyar. Mai ba da hayar yana yanka kuɗin wata ne bisa abin da motar za ta yi a kasuwar na-hannu. Idan bai san lafiyar batir bayan shekara biyar ba, ko yana tsoron kamfanin da ya ƙera zai rufe a rasa kayan gyara, sai ya ƙiyasta ƙasa-ƙasa, kuɗin wata ya haura na motar dizal.

Injiniya: To na ji. Amma tallafin mai saye da kuke karkata gare shi, wa yake ciyarwa? A 2025 Birtaniya tana rage wa mai sayen ƙaramar motar kaya fam 2,500, babba fam 5,000. Mai saye ya ɗauki kuɗin ya sayi Maxus da aka ƙera a Sin, harajin ɗan ƙasa ya gina masana'antar wata ƙasa. Sannan tallafin mai saye ba shi da tabbas. Jamus ta yanke nata na motocin lantarki kwatsam a Disamban 2023, ciniki ya faɗi a 2024. Amurka ta kawo rangwamen haraji a 2022, har dala 7,500 ga ƙaramar motar kasuwanci da 40,000 ga babba, sai ga shi an rufe a ƙarshen Satumban 2025. Wa zai gina masana'antar shekara ashirin a kan tallafin da ke canzawa da zaɓe?

Hajiya: A nan ka yi gaskiya, ban musa ba. Shi ya sa na fi yarda da doka mai wa'adi a kan tsabar kuɗi. Birtaniya ta wajabta wa masu ƙera motoci cewa kashi 10 cikin ɗari na motocin kaya da suka sayar a 2024 su zama marasa hayaƙi, a kai kashi 70 a 2030. Wasu biranen Holan sun fara rufe tsakiyar gari ga motocin kaya masu hayaƙi daga Janairun 2025, tare da wa'adin sauyi ga tsofaffi. Mai raba kaya ya san ranar da za a hana shi shiga, mai ƙerawa ya san adadin da zai sayar, banki ya ga abin da zai ranta a kai.

Malam: Gwamnati kuma mai saye ce da kanta. Hukumar gidan waya ta Amurka ta ba kamfanin Oshkosh kwangilar sababbin motoci a 2021, majalisa ta ƙara wa hukumar dala biliyan 3 a 2022 don motocin lantarki da wuraren caji. Motocin sun yi jinkiri, sai 2024 na farko suka hau titi. Amma a irin wannan tsari yawancin kuɗin ana biya ne idan an kawo mota.

Injiniya: To mu haɗu a tsakiya. A ba masana'anta, amma rance, ba kyauta ba, kuma kashi-kashi: kaso idan samfuri ya ci gwajin karo, kaso idan mota 1,000 ta farko ta isa hannun masu saye, saura idan layi ya riƙe adadin da aka yi alkawari na wata shida a jere. A rubuta cewa idan aka rufe kafin wa'adi, a dawo da kuɗin.

Hajiya: Sharaɗin dawo da kuɗi yana aiki a kan kamfani mai rai ne, Injiniya. Wanda ya karye, gwamnati layi za ta bi da sauran masu bin bashi. Sai dai a riƙe fili da injina jingina tun ranar farko, kuma masu hannun jari su fara zuba nasu kafin na gwamnati ya fita.

Manaja: Kuma ku duba me ake kira ƙerawa. Cibiyar bincike ta BloombergNEF ta ƙiyasta matsakaicin farashin batir a dala 115 kowane yunit a 2024, wato batir mai yunit 70 ya kai kamar dala 8,000, shi ne kashi mafi tsada a motar. Nau'in batir da ake kira LFP ya fi dacewa da raba kaya, don ya fi arha, ya fi jure caji kullum, ba ya buƙatar kobalt ko nikel, sai dai ya fi nauyi kuma sanyi yana rage masa ƙarfi. Kusan dukkansa kamfanonin Sin irin CATL da BYD ke yi. Idan ƙwayoyin batir da injin da ke juya tayoyi da na'urar sarrafa wuta duk daga waje suke zuwa, abin da tallafin ya saya bodi ne da fenti da ɗaure kusoshi.

Injiniya: Bodi da fenti su ne inda ma'aikata suka fi yawa, Manaja. Kuma haɗa ƙwayoyin su zama batir, da tsarin sanyaya shi, da manhajar da ke kula da shi, duk ana iya yi a gida tun shekarar farko. A sa shi cikin sharaɗin kaso na biyu.