Rashin magani ne, ko matan ne ba sa so?

Baban Walida: Salamu alaikum. Ina da magana, na kuma san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Kullum ana ce mana matan ƙasashe matalauta ba sa amfani da hanyoyin tazarar haihuwa na zamani ne don ba a kai musu ba. Ni ban yarda ba. Nijar ta mayar da su kyauta tun 2006, Najeriya ta bi sahu a asibitocin gwamnati a 2011. Me ya biyo baya? Binciken 2012 a Nijar ya sami kashi 12 cikin 100 na matan aure suna amfani da su, na 2021 ya sami wajen kashi 10. A Najeriya kashi 12 ne a 2018, ya ɗan motsa zuwa 15 a binciken 2023 zuwa 2024. A wancan binciken na 2012 mace a Nijar tana haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, da aka tambaye su nawa suke so suka ce wajen 9. Ko waɗanda suke haifa ba su ishe su ba. Ba sa so ne kawai, a ƙyale mutane.

Anti Ungozoma: Wa alaikumus salam. Baban Walida, kyautar da kake faɗa ta takarda ce. Mace za ta biya kuɗin mashin daga ƙauye, ta yanki kati, a ce ta sayo safar hannu, a ce sai an yi gwajin ciki, sannan in buɗe kabad in ce mata ashanar hannu ta ƙare, sai ƙwaya. Ita kuma ƙwaya ba za ta ɓoyu a ɗakin da uwar miji ke shiga ba sallama ba. Kuma binciken 2018 da ka kawo, ka tsallake layi ɗaya: kashi 19 cikin 100 na matan aure sun ce ba sa son ciki yanzu ko ba sa so gaba ɗaya, amma ba sa amfani da komai. Sun fi masu amfani yawa.

Ɗalibar Tsimi: Yaya, maganarka tana da magoya baya a cikin masana. Wani masanin tattalin arziki, Lant Pritchett, ya yi rubutu a 1994 cewa kusan duk bambancin yawan haihuwa tsakanin ƙasashe daga yawan 'ya'yan da mutane ke so yake, ba daga samun magani ba. Sai dai ka duba Habasha. A 2000 kashi 6 ne na matan aure ke amfani da hanyoyin zamani, a 2016 sun kai 35. Habashawa ba su yi arziki a shekara 16 ba. Gwamnati ce ta horar da mata sama da 30,000, kowacce ta koma yankinsu tana bi gida-gida, da allurar a jakarta. Ruwanda ta tashi daga kashi 10 a 2005 zuwa 45 a 2010. Shekara biyar ke nan fa.

Baban Walida: Ƙanwata, Habasha da Ruwanda gwamnatoci ne da idan suka ce a yi, ba mai cewa a'a. Kin tabbata duk matan nan da son ransu suka yi? Indiya ta yi wa miliyoyin mutane aikin hana haihuwa da tilas a dokar ta-ɓaci ta 1975 zuwa 1977. Peru ta yi wa mata talakawa 'yan ƙauye irinsa a zamanin shugaba Fujimori. Mu nan Kano ba mu manta gwajin maganin Pfizer na 1996 ba, shi ya sa da aka ce allurar shan-inna tana hana haihuwa a 2003 mutane suka gaskata nan take. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ɗalibar Tsimi: To yanzu ka sauya magana. Da farko ka ce ba sa so, yanzu kana cewa tsoro suke ji. Ba ɗaya ba ne.

Hajiya Babba: Ku yaran nan kuna ta lissafi. Mu a zamaninmu wa ya san wata allura? Mace ta haihu, a kai ta gidansu wankan jego, ta dawo ta yi goyonta, miji bai kusance ta ba sai ta yaye, shekara biyu cur. Wadda ta yi kwanika har waƙa ake yi mata a gidan biki, kunya ta hana ta fita. Tazara ba baƙuwarmu ba ce. Abin da ya canza shi ne yanzu da an yi arba'in miji ya dawo ɗaki, ba mai iya ce masa komai. Aka rushe na da, ba a yarda da na yanzu ba, mace ce a tsakiya da ciki da goyo.

Sannan akwai abin da ku maza ba ku faɗa. Mai kishiya ba za ta yi tazara ba tana kallon ɗakin can ana suna duk shekara. Gado ake lissafawa, da wanda zai riƙe ta idan ƙarfi ya ƙare. Ba fansho gare ta ba, 'ya'yan ne fanshonta. Kuma wadda ta binne biyu, kada ka ce mata huɗu sun isa.

Baban Walida: Allah ya ƙara girma, Hajiya. Ai kin ƙarfafa maganata ke nan.

Hajiya Babba: Ban ƙarfafa ba, ɗana. Son 'ya'ya da yawa daban, son haihuwarsu a jere kamar an ɗaura tsere daban.

Maman Sadiq: Bari in faɗi nawa, don ni na yi. Bayan haihuwata ta huɗu na yi allurar wata uku da yardar maigidan. Jini ya rikice min, yau ɗigo, gobe ya ɗauke, jibi ya dawo. Ban san ranar da zan yi salla ba, azumi ya zo ina cikin ruɗu, maigida ya fara tsaki. Na koma asibitin, wadda na tarar ko kallona ba ta yi ba ta ce "haka yake yi." Na bari. In mai bincike ya zo ranar, a cikin waɗanda "ba sa so" zai rubuta ni.

Anti Ungozoma: Wannan ita ce matsalar da ta fi ƙarewar kaya girma, kuma laifinmu ne ma'aikata. Rikicewar jini a watannin farko sanannen abu ne ga allura da ashana, ba alamar lalacewar mahaifa ba ce, yawanci yana lafawa, akwai kuma maganin da ke rage shi, ko a sauya wa mace wata hanyar. Robar mahaifa mai jan ƙarfe ba ta da sinadarin da ke taɓa jiki irin na allura, tana kai shekara 10, ko da yake ita ma takan ƙara yawan jinin al'ada. Allurar kuma, bayan an daina, ciki kan yi jinkiri, wata sai ta kusa shekara. Mace ta ga wata shida shiru, dangin miji sun fara magana, sai labari ya bazu a unguwa cewa allura ta kashe mata mahaifa. Da an gaya mata tun ranar farko, da ba haka ba. Amma mutum ɗaya ce ke awo, ita ke karɓar haihuwa, ita ke rigakafi, layi har waje. Minti goma na bayani ya gagara.

Malam Na Tsangaya: Maman Sadiq, Allah ya ba da lada. A mazhabarmu ta Malikiyya jinin haila ba ya wuce kwana 15. Mai al'ada sananniya takan ƙara kwana 3 a kan kwanakinta, in ya zarce ya zama jinin ciwo, ta yi wanka ta yi sallarta da azuminta. Da an haɗa ki da malama, da ba ki wahala haka ba. Game da asalin hukunci kuwa, Alƙur'ani ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, sahabbai kuma sun yi azalu, wato zubar da maniyyi a waje, wahayi yana sauka. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta ce bai halatta hukuma ta kafa dokar ƙayyade yawan 'ya'ya ba, bai halatta a kashe haihuwa dindindin ba sai da larura, amma jinkirtawa na ɗan lokaci ya halatta idan ma'aurata sun yi shawara sun yarda. Ku riƙe kalmar: sun yarda, su biyun.

Ɗan Damagaram: Malam, nan ne gizo ke saƙa. A wajenmu an gane tun wajen 2008 cewa macen da ke zuwa likita ba ita ke yanke shawara ba, shi ya sa aka buɗe makarantun mazaje a jihar Damagaram da taimakon UNFPA, asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya. Magidanta ne ke zama suna tattauna awo da haihuwa a likita da tazara, su je su yi wa 'yan uwansu magana a majalisa. Ya taimaka a garuruwan da aka yi, amma a Nijar da binciken 2012 ya sami kashi 76 cikin 100 na 'yan mata suna aure kafin shekara 18, yarinyar da ba ta iya ɗaga ido ta kalli mijinta ba, wace shawara za a yi da ita?

Baban Walida: To ko ma dai mene ne, kada a yi wa matar mutum allura a ɓoye. Wannan cin amana ne, kuma shi ke sa maza su hana matansu zuwa awo gaba ɗaya.

Anti Ungozoma: Ina da mata da katinsu a wurina yake kwana, ba sa kai shi gida. Akwai wadda aka yi wa aiki sau biyu, likita ya ce mahaifarta tana bukatar hutu, mijin ya ce shi bai san zancen ba. Hukumar lafiya ta duniya cewa ta yi a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki, ga mai lafiya ma ke nan. In kore ta?

Malam Na Tsangaya: Wannan larura ce, hukuncinta daban. Miji ba shi da ikon tilasta mata abin da zai halaka ta. Amma a fara kiran sa, ko a sa wanda yake jin nauyi ya yi masa magana.

Maman Sadiq: An kira shi, Malam. Irinsu ba sa zuwa. In kuna so a daina ɓoyewa, ku faɗi wannan hukuncin a huɗubar Juma'a inda mazan suke zaune, ba a nan inda mu ne muka fi yawa ba.