Corolla ta tana mutuwa a gosulo tun bayan da aka yi mata top gasket

Mai Corolla:
Salam yan uwa, dan Allah masu sanin mota ku taimaka. Corolla ce 2006 mai injin 1ZZ, ta yi zafi ta ƙone top gasket aka sauke kan injin aka gyara, to tun da na karɓo ta daga gareji sai ta riƙa mutuwa haka kawai, musamman in na ɗaga ƙafa daga totur a danja ko gosulo, wani lokacin kuma ta wuni lafiya lau kamar ba ita ba. Da safe silo ɗinta na rawa sosai. Wutar cek ta kama, an sa mata kwamfuta ta nuna P0101 da P0171. Bakaniken ya ce eyafulo mita, wato na'urar da ke auna iskar da ke shiga injin, ne ya mutu in sayo sabo, amma ni abin da ke damuna kafin aikin nan ba ta taɓa yi min haka ba wlh.

Oga Bakanike:
Wa alaikumus salam Malam. Kar ka sayi komai tukuna. P0101 ba ta ce mitar ta mutu ba, cewa ta yi lissafin iskar da mitar ke kawowa bai yi daidai da abin da burenbos, wato kwamfutar motar, ke tsammani ba, ita kuma P0171 ma'anarta iska ta fi fetur yawa, in ka haɗa biyun a motar da aka gama kwance wa kai to kusan kullum iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya bayan mitar, wadda ba a ƙirga da ita ba. A duba babban tiyon baƙin nan da ya tashi daga akwatin filta zuwa totur, a lanƙwasa shi a leƙa cikin ninkin ta ƙasa, nan yake tsagewa ido bai gani, kuma in injin ya motsa tsagar ta buɗe, shi ya sa yau ta yi gobe ba ta yi ba. A duba kilif ɗinsa an ɗaure ko sa shi kawai aka yi, da ƙaramin tiyon PCV mai mayar da tururin cikin injin zuwa manifol (bututun da ke raba wa injin iska), da na burki. Sannan ka tambayi bakaniken gasket ɗin manifol sabo ya sa ko tsohon ya mayar? 1ZZ ya yi suna wajen shan iska ta nan in injin na da sanyi, kuma kai da kanka ka ce da safe ta fi rawa.

Ɗan Waya:
Oga ya yi gaskiya, amma a ƙara da soket ɗin mitar, a jijjiga shi mota na silo a ga ko za ta canza murya. Da wayoyin as, wato na nagetif, da ake ɗaurewa a jikin kan injin, yaran gareji na yawan barin su sako-sako.

Direban Haya:
Ni tawa wanke mitar kawai aka yi ta dawo daidai, ƙurar hunturu ce ta lulluɓe ta. Amma da feshin da aka yi dominta, kar a bari su wanke da fetur ko su taɓa siririyar wayar ciki.

Oga Bakanike:
Wankin ba laifi. Malam in ka koma wajen mai kwamfuta kar ya tsaya a karanta lamba, ya buɗe maka abin da injin ke yi a lokacin. Injin 1.8 da ya ɗumi, esi a kashe, mitar na nuna iska giram 2 zuwa 3 a daƙiƙa. Ya duba LTFT, wato yawan fetur ɗin da burenbos ke ƙarawa ko ragewa don daidaita shi da iska, in ya haura +10 a silo amma ya sauko da aka ba ta wuta injin ya kai juyi 2500 a minti, ɓarauniyar iska ce. In kuma sai an ba ta wuta yake hawa, sai a koma kan mitar ko famfon mai.

Mai Corolla:
Allah ya saka da alheri Oga. Mun duba, LTFT +19 a silo, ana ba ta wuta yana sauka, kuma bakaniken ya tabbatar min tsohon gasket ɗin manifol ya mayar. Tiyon babu tsaga. Gobe in sha Allah za a sa sabon gasket a goge lambobin, zan dawo in faɗa muku yadda ta kasance.