Neman shawara: In sayi faifan fam 600, ko in shiga da abin da ke akwatina?

Ɗan Mai Adaka

Assalamu alaikum. 'Yan uwa, ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka ta tara faya-fayan kiɗa da sa su a taron rawa.

Ni ɗan Kaduna ne, shekarata huɗu ke nan a Manchesta. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ya rasu ya bar wata adakar ƙarfe cike da faya-fayan garmaho: su James Brown, Otis Redding, Wilson Pickett, da tarin bugun Legas na kamfanonin EMI da Decca. Da aka zo rabon gado ko kallonta babu wanda ya yi. Bara da na je gida na ɗebo ƙananan, masu juyi 45 a minti, na riƙo su a jakar hannu kamar mai ɗauke da ƙwai. Tun daga nan cutar ta kama ni. Duk Asabar ina shagunan gwanjo ina tono, yanzu ina da kamar 70.

To akwai wani ɗan taron kiɗan soul da ake yi wata-wata kusa da unguwarmu. Yawancin masu zuwa sa'o'in iyayenmu ne, amma in suka hau fili sai ka riƙe baki. Mai shirya abin ya ji labarin akwatina, ya ce zai ba ni minti 45 in sa faya-fayaina a farkon dare, nan da mako biyar. Sharaɗinsa ɗaya: bugun asali kawai, ban da sabon bugu, ban da kwamfuta.

Ga inda gizo ke saƙar. Wani da muke haɗuwa a can ya ce in na shiga da faya-fayan da kowa ke da su, babu mai sake kirana, sai in riƙe ko da ɗaya ne da zai sa manya su taso su leƙa. Ya ce yana da irinsa, bugun wani ƙaramin kamfani a Detroit na 1966, zai bar min a fam 600 tunda ni sabo ne. Hoto kawai ya turo, da ɗan sautin daƙiƙa 30 a waya. Waƙar ta tafi da ni, ba zan ɓoye muku ba. Kuɗin kuwa na tikitin zuwa gida ne da nake tarawa. In saya? In kuma zan saya, yaya zan gane ba jabu ba ne?

Uwar Biyu

Fam 600 a kan waƙar minti biyu da rabi? Ƙanena, in Hajiyarka tana raye kira ta ka faɗa mata da bakinka cewa bana ba ka zuwa, ka sayi faranti. Abin da ta ce ka yi shi.

Dattijon Salford

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka. Ni na zo ƙasar nan karatu daga Zariya a 1975, kuma ƙafata ta taka Wigan Casino, gidan rawar soul na garin Wigan, lokacin da ake kwana ana rawa. Wurin ya yi daga 1973 zuwa 1981. Ba a sayar da giya a daren, shi ya sa na iya zama, ko da yake akwai yara masu haɗiyar ƙwayar hana barci, wannan kam ba zan wanke su ba.

Bari in fara gaya maka asalin wannan ɗabi'a, don ka san abin da ake sayar maka. Tun a gidan rawa na Twisted Wheel na nan Manchesta, kafin a rufe shi a 1971, yaran arewacin Ingila suka nace wa waƙoƙin baƙaƙen Amurka masu sauri irin na Detroit da Chicago, waɗanda a can gida ba su yi kasuwa ba. Wani marubuci mai shagon faya-fayai a Landan, Dave Godin, shi ya laƙaba wa abin suna Northern Soul a 1970. Faifan da bai yi kasuwa ba kaɗan aka buga, ragowar an zubar ko an narkar, sai ya zama wanda ya tsira ya yi tsada. Har ta kai DJ yakan liƙa farar takarda a kan tambarin ya rubuta sunan ƙarya don kada abokin hamayya ya nemo nasa. Ka ji labarin faifan mawaƙi Frank Wilson na 1965 da kamfanin Motown ya fasa fitarwa, wanda aka sayar da kwafi ɗaya sama da fam dubu 25 a 2009. Duk inda kuɗi ya kai haka, masu jabu suna wurin, kuma tun zamaninmu suke. Jabun da aka buga a 1974 yau ya haura shekara hamsin, ya tsufa, ya koɗe, yana warin ɗakin ajiya. Saboda haka tsufan faifai ba shaida ba ce.

Kada ka ba da ko fam ɗaya a kan hoto. Ka ce ya zo da shi, da rana, kusa da taga. Ka karkata faifan ka dubi wannan santsin fili da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tambari. A nan ake samun lambar bugu da hatimin wurin da aka yanka uwar faifan. Faya-fayan Detroit da yawa za ka ga hatimin Nashville Matrix, ko lamba mai farawa da ZTSC, na New York kuma sau da yawa Bell Sound. Ka buɗe Discogs, shafin intanet na bayanan faya-fayai, ka ga abin da aka rubuta game da wannan bugun takamaimai, ka gwada harafi da harafi. In asalin hatimin inji ne, naka kuma an karce shi da hannu, magana ta ƙare. Sai takardar: mai jabu hoton ta asali yake ɗauka, don haka ƙananan rubutun gefe suna yin dishi-dishi, launi kuma yakan ɗan kauce. Daga nan ka sa shi a kan inji ka ji tun daga fari har ƙarshe, gefe biyu. Jabu daga wani faifan aka kwafe shi, sautinsa a daƙushe yake, wani lokaci ma za ka ji ƙas-ƙas na tsohon faifan a cikin kiɗan alhali naka fes yake.

Farashi kuma ka duba Popsike, shafin da ke ajiye farashin gwanjon faya-fayai, ka ga nawa aka saye shi a gwanjon baya. In ana sayensa fam 1500 shi ya ce 600 don yana ƙaunarka, to ka san banza ba ta kai zomo kasuwa.

Mai Faifai Daga Peckham

Baba Dattijo ya gama maganar jabu. Ni tambayar farko zan taɓa, don shekarata tara ina wannan aiki kuma na taɓa yin wautar da kake shirin yi. Na sayi faifai da kuɗin hayar wata guda, na ajiye shi sai tsakiyar lokacina, na ɗora ina jiran a yi ihu. Maza uku suka taso suka leƙa tambarin suna gyaɗa kai, filin rawa kuwa ya watse aka tafi shan ruwa. Waɗannan ukun ba su ke sa a sake kiranka ba.

Yi lissafi, ɗan'uwa. Waƙoƙin nan ba sa wuce minti biyu da rabi zuwa uku, minti 45 kusan faifai 17 ke nan. Ɗaya mai tsada, sauran 16 fa? Kuma farkon dare aka ba ka, lokacin da mutane ke shigowa suna cire rigar sanyi suna canja takalmi. Aikinka ka jawo su a hankali. In ka buɗe da wuta, wanda zai biyo bayanka zai tsane ka.

Da fam 100 za ka samu bugun asali masu kyau na kamfanonin Ric-Tic, OKeh, Brunswick da Chess, irin su Edwin Starr, Major Lance, Jackie Wilson, don waɗanda suka yi kasuwa suna da yawa a hannun mutane. Sirrina kuma, tunda kai na gida ne: juya faifai. Bayan faya-fayan fam biyar akwai waƙoƙin da shekara da shekaru babu wanda ya sa. Ka zauna ka saurari bayan duk 70 ɗin nan, za ka dawo ka ba mu labari. Sannan a taro na gaba, kafin naka, ka tafi da ɗan littafi ka rubuta abin da ya cika fili da abin da ya kore shi.

Na Legas ɗin ka tambayi mai taron tukuna. Wasu wuraren sun yarda da kiɗan funk, wasu kuwa ko James Brown ba sa so.

Injiniya Sabon Gari

Ni ban san rawar Turawa ba, amma shekara talatin ina gyaran injin faifai a Kano. Kayan mahaifinka nake ji. Faifan da ya sha ƙurar hunturu shekara arba'in kada ka ɗora shi haka, yashin da ke cikin tsagin zai ci faifan ya ci allurar. Tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ba, ɗigon sabulun wanke kwano, burushi mai laushi, ka bi da'irar tsagin, kada ruwa ya taɓa takardar. Ka ɗauraye, ka jingine shi a inuwa ya bushe. A tsaye ake ajiye su kamar littattafai, nesa da na'urar ɗumama ɗaki.

Abu na biyu, ƙananan faya-fayan Amurka da yawa ba da roba mai laushi aka yi su ba, da wata mai gautsi ce, sitayirin. Za ka ji ba ta da nauyi, takardar liƙa ta aka yi a sama, in ka ƙwanƙwasa da farce tana ƙara kamar tangaran. Tsohuwar allura ko nauyi mai yawa sau ɗaya ya isa ya kashe ta. Jan faifai gaba da baya don nemo bakin waƙa shi ke ƙona farkonta, ka riƙa jin shuu kafin kiɗa ya shigo. Ka tafi da allurarka mai zagayayyen baki. Kuma bugun Amurka ramin tsakiyarsa babba ne, ka sa 'yar ƙwaryar cike ramin guda biyu a aljihu, kada ka dogara da ta wurin.

Ba Na Rufa-rufa

Ni wannan doka ta bugun asali ce ban gane ba. Kamfanin Kent tun 1982 yake sake fitar da waƙoƙin nan da izinin masu su, sauti garau, kuɗi kaɗan. Fam 600 ɗin nan ko kwabo ba zai kai ga mawaƙin ko 'ya'yansa ba, aljihun dillali zai shiga. Kunne ke rawa ko takarda?

Dattijon Salford

Maganarka akwai gaskiya, kuma ni ma ina da na Kent a gida fiye da ɗari. Amma ba don masu tonon asalin ba, da Kent ba ta san abin da za ta sake bugawa ba. Sannan ɗakin mutum ne, ya faɗi sharaɗinsa tun farko, yaron nan ya amsa. Kada dai ka zuga shi ya saka sabon bugu a tsohuwar riga. Mutanen nan daga nesa suke ganewa, kuma ba sa mantuwa.

Ɗan Mai Adaka

Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Ga yadda aka yi. Na ce wa mutumin ya zo da faifan ranar Lahadi, ya ce yana gidan ƙaninsa. Na ce to ya ɗauko min hoton santsin filin nan kusa da takarda, sai ya sauko fam 450 in zan tura a daren. Har yau hoton bai zo ba. Anti Uwar Biyu, tikiti yana nan, ban ma kai ga kiran Hajiya ba.

Na wanke guda 30 yadda Injiniya ya ce, ruwan da ya fita kamar kunun kanwa. Na bi bayansu ɗaya bayan ɗaya, na samu huɗu da ban taɓa ji ba. Ɗaya bugun Atlantic ne, Baba ya rubuta sunansa da biro a kan takardar, da "Kafanchan 1969" a ƙasa. Mai taron ya saurara ta waya ya ce in sa shi na uku. Wa ya san inda zan samu allura mai zagayayyen baki a Manchesta kafin Juma'a?