Ramin yaƙi na 1916 a ma'aunin 1/35: yaya ake sa soja ya nutse cikin laka?

Mai Burushi: Salamu alaikum 'yan'uwa. Aikin da ke gaba ƙaramin fage ne na kwaikwayo da 'yan ƙananan mutum-mutumi, na yaƙin Somme da aka yi a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Ingila uku cikin rami, faɗin allon santimita 20 da 15. Matsalar da ake yawan gani ita ce soja ya fito tsaf, ƙasa ma ta fito tsaf, amma da ganinsa ka san ɗora shi aka yi daga baya. Waɗanda suka saba da aikin laka, a taimaka da yadda kuke yi.

Ɗan Laka: Wa'alaikumus salam Malam. Fara da lissafi. A 1/35, wato an rage girman komai sau 35, mutum mai tsawon mita 1.75 santimita 5 ne, ramin da ya kai zurfin mita biyu kuwa kusan santimita 6. Kenan sai ka haɗa kumfa mai tauri irin ta rufin gini hawa biyu, kowane santimita 4, ka yanka ramin a ciki da wuƙa mai kaifi. Kada ka ɗauko farar kumfar kwali, marmashewa take yi. Kada kuma ramin ya bi gefen allo a miƙe, karkata shi ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa, da lanƙwasa ɗaya. Ramukan gaske ma haka aka haƙa su, don kada ɓaraguzan bam su share layi gaba ɗaya. Kafin komai ya taɓa kumfar, shafe ta da farin gam na katako sau biyu, domin fentin feshi da gam mai ƙarfin wari narkar da ita suke yi.

Kwaɓin laka: ƙasa tankaɗaɗɗiya kashi biyu, filasta kashi ɗaya, farin gam kashi ɗaya, ruwa kaɗan-kaɗan har ya tsaya a kan cokali bai zuba ba. Zuba fentin akirilik ruwan ƙasa cikin kwaɓin tun yana ɗanye. In ka bar shi fari ka fenta sama kawai, duk inda ya ɓantare farin filasta zai leƙo. Kaurin shafi kada ya wuce milimita 4, in ya wuce tsagewa yake yi wajen bushewa.

Hajiyar Fenti: Ƙari kan maganar Ɗan Laka, a gasa ƙasar a obin kamar minti 30 kafin a tankaɗe. Ƙasa mai danshi fumfuna take fitarwa bayan an rufe aikin cikin gilashi. Allon katako kuma a shafa masa banish gaba da baya, in ba haka ba ruwan kwaɓi zai lanƙwasa shi.

Mai Burushi, amsar tambayarka tana wajen ƙafa. Huda dunduniyar kowane soja da ƙaramin abin huji na hannu, milimita 0.8, ka cusa wayar tagulla ta fito santimita 2. Lokacin da lakar ta fara kamawa amma ba ta bushe ba, shimfiɗa ledar naɗe abinci a wurin, ka danna takalmin har ya nutse milimita ɗaya ko biyu, ka cire. Ledar ce ke hana kwaɓi ɓata fentin. Bayan ta bushe sai ka mayar da shi gurbinsa, ka cike gefen takalmin da sabon kwaɓi da tsinken sakace. Sannan ka ɗebi wannan kwaɓin dai, ba wani launi ba, ka shafa a takalmi, da ƙyallen da suke naɗewa a ƙwauri, da gwiwa, da gwiwar hannu, da gindin bindiga. Can ƙasa ya zama mai duhu da sheƙi, sama kuma mai haske busasshe, don lakar da ta jima a jikin tufafi haske take yi.

Baban Tarihi: Ku kula da wata da kuma wuri. An fara Somme ranar 1 ga Yulin 1916, an tsaya a Nuwamba. Ƙasar yankin alli ce, don haka abin da aka haƙo aka tara a bakin rami fari-fari ne. Niƙa alli ka barbaɗa a nan. Laka mai kama ƙafa ta Oktoba da Nuwamba ce, in Yuli kake nufi to ƙura da busasshiyar ƙasa za ka yi. Hular kwano ta Brodie daidai ce a 1916, amma duk wanda ya sa ta a fagen 1914 ya yi kuskure.

Ɗan Laka: Gaskiya ne Baba. Buhunan yashi kuma kada a sayi na roba, ba sa kwanciya kan juna. Murza ƙullun Milliput, wani kwaɓi mai haɗi biyu da ke taurarewa, ya zama igiya, yanka tsawon milimita 14 faɗin 7, danna masa tsohon ƙyalle don saƙa ta fito, ka jera tun yana da laushi, kowane buhu ya hau mahaɗar biyun da ke ƙasansa.

Sarkin Rezin: Ruwan da ke kwance a gindin rami shi ya fi ɓata aiki. Rezin mai haɗi biyu, wato ruwan roba garai-garai da ake zubawa a madadin ruwa, zafi yake yi in yana daskarewa, zubi mai kauri zai narka kumfa ya yoye ta ƙasa. Zuba milimita 2 zuwa 3 a lokaci guda, ka bar shi awa 24, kuma ka tabbata lakar ta bushe sarai, in ba haka ba zai yi hazo. Ɗigon fentin ruwan ƙasa guda ɗaya ya isa. Rezin kuma yana hawa gefen katako da takalmi, sai ka rufe wannan layin da siririn kwaɓi.

Hajiyar Fenti: Ni dai a fage ƙarami irin wannan ba na ganin amfanin rezin sai in kududdufin ya wuce faɗin yatsa biyu. Banish mai sheƙi hawa uku ya wadatar. Tsarin dai a kiyaye: a fesa banish marar sheƙi kan komai tukuna, a ranar da babu danshi don kada ya yi fari, sannan a sa mai sheƙi a wuraren jiƙa kawai.

Mai Burushi: Allah ya saka da alheri. Oktoba zan ɗauka. Saura katakon da ake shimfiɗawa a gindin rami, wane kauri kuke yankawa?