Kai-sikwaya yana ba ni gargaɗi a manhajar ƙididdiga ta SPSS, in share ko matsala ce?

Ɗalibar Gona:
Salam 'yan uwa, don Allah masana lissafi ku agaza min. Ina ajin ƙarshe, furojet ɗina a kan manoman masara ne, so nake in ga ko zurfin karatun manomi yana da alaƙa da amfani da ingantaccen iri. Karatun na kasa shi huɗu, wanda bai yi boko ba, firamare, sakandare, sai gaba da sakandare, shi kuma iri e ko a'a ne kawai. Malamin da ke duba min aikin ya ce gwajin kai-sikwaya (chi-square, mai duba alaƙar abubuwa biyu) zan yi, na shiga sashen Crosstabs na SPSS na danna tebur ya fito, amma can ƙasa akwai wani ɗan rubutu wai gida 2 cikin gidaje 8 na teburin adadin da ake tsammani bai kai 5 ba. In kwafi p ɗin, lambar da ake dubawa a yanke ko akwai alaƙa, in wuce ko kuwa? Kuma wlh shi kansa adadin da ake tsammanin ban gane shi ba.

Malam Lissafi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki share shi. Adadin da ake tsammani shi ne abin da za ki gani a kowane gida da a ce babu wata alaƙa sam. A ce manoma 100 ne, 40 sun yi boko 60 ba su yi ba, masu shuka ingantaccen iri kuma 50. In babu alaƙa ai rabin kowane ɓangare ya kamata su shuka shi, wato 40 sau 50 a raba da 100, ya ba ki 20, ɗaya ɓangaren 30. To sai kika je kika tarar masu shuka shi 30 ne cikin 'yan boko, 20 cikin sauran. Kowane gida ki cire wanda ake tsammani daga wanda kika samu, ki ninka sakamakon da kansa, ki raba da wanda ake tsammani: 5 da 5 da 3.33 da 3.33, jimla 16.67. A tebur mai layi biyu da shafi biyu df, wato lambar da ake samu daga yawan layuka da shafuka, ɗaya ne, iyakar da jimlar za ta wuce kafin a ce akwai alaƙa kuma 3.841 ce a matakin 0.05, kin ga an wuce ta nesa, akwai alaƙa ke nan.

Matsalar ita ce tun da Karl Pearson ya fito da gwajin a 1900 kintace ne yake yi, kintacen kuma sai gidajen na da jama'a yake tafiya daidai. Ƙa'idar da aka saba ita ce gidajen da ba su kai 5 ba kar su wuce kashi 20 cikin ɗari, kuma kar ko ɗaya ya gaza 1. Naki 2 cikin 8 kashi 25 ne.

Ɗan Zazzau:
Na ci amana 'yan gaba da sakandare ne suka yi miki kaɗan, a ƙauye haka ake samu. Ki haɗe su da 'yan sakandare tebur ya koma layi uku, df ya zama 2, iyaka 5.991, in adadin da ake tsammani a gidajen ya kai 5 shi ke nan matsalar ta tafi. In ba kya son haɗewa sai gwajin Fisher, SPSS a tebur biyu-da-biyu ne yake fito da shi da kansa, babba kuwa sai in naki yana da maɓallin Exact, amma a manhajar R fisher.test kyauta ne.

Anti Mai Ƙididdiga:
Ɗan Zazzau haɗewar ba laifi amma kar ta zama ana ta juya tebur har sai p ya sauka ƙasa da 0.05, wannan maguɗi ne. Ta haɗe saboda rukunan maƙwabtan juna ne, ta kuma rubuta dalilin a babi na uku. Ni abin da ya fi damuna ma wancan rukunin na “bai yi boko ba”, dattijon da ya sauke Alƙur'ani yana rubuta ajami yana lissafin buhunansa kin cusa shi gida ɗaya da wanda bai taɓa riƙe allo ba, in kin yi tambayar a kwesheniya gara ki ware su.

Sannan ko p ya fito ƙarami kar ki rubuta wai boko ne ya sa suke sayen irin. Mai sakandare sau da yawa shi ne mai babbar gona da kuɗin taki, malaman gona ma shi suka fi sani. Shi gwajin, alaƙa kawai yake nunawa, ƙarfinta ma ba ya faɗa, sai kin ƙara da Cramér's V, yana nan cikin Crosstabs ɗin.

Ɗalibar Gona:
Allah ya saka da alheri, gaskiya su ne suka yi kaɗan. Anti akwai wata tambayar da na bar manomi ya zaɓi amsa fiye da ɗaya, inda yake samun iri, ita ma zan iya yi mata?

Anti Mai Ƙididdiga:
A yadda take a'a, dole kowane manomi gida ɗaya zai faɗa. Ki fasa ta, kasuwa e ko a'a, dila e ko a'a, ajiyar bara e ko a'a, kowacce da teburinta. Kuma adadin mutane za ki shigar ba kashi cikin ɗari ba.